Hutun Jirgin Ruwa a Tsibiran Dalmashiya

Gaɓar tekun ƙasar Kuroshiya doguwa ce, tana fuskantar Italiya ta tsallaken tekun Adiriyatik, wanda reshe ne na Bahar Rum. Tsawonta a ɓangaren tudu kilomita 1,777 ne, kuma a gabanta akwai tsibirai da duwatsun cikin ruwa fiye da 1,000, waɗanda kusan 50 ne kacal ke da mazauna. A yankin kudu da ake kira Dalmashiya, tsibiran sun jeru dogaye daura da juna kamar kunyoyin gona, teku na bin kwarin da ke tsakaninsu. Wannan tsari ne ya sa wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren hayar jiragen ruwa na shaƙatawa a duniya: tsibiran suna tare manyan igiyoyin ruwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, kuma da wuya jirgi ya yini bai ga tudu ba.

Hutun kansa mai sauƙin bayani ne. Iyali ko abokai sukan haɗa kuɗi su yi hayar jirgi mai filafilai, wato manyan ƙyallayen nan da ake ɗagawa a kan doguwar sanda iska ta tura jirgi, su zauna a cikinsa mako guda suna bi tsibiri tsibiri. A nan suke kwana, a nan suke girki. Jirgin da aka fi haya tsawonsa kamar mita 12 ne, da ɗakunan kwana uku, da bayan gida biyu, da ɗan madafi mai risho na gas da firji, da inji na dizal don lokacin da iska ta ɗauke. Kalmar "ɗaki" a nan sai da hattara, domin gado ne ya cinye wurin duka, mutum biyu ba sa iya sa kaya a tsaye lokaci guda. Akwai kuma katamaran, jirgi mai gangar jiki biyu, wanda ya fi fili kuma ba ya karkata idan iska ta cika filafilansa. Masu ƙananan yara da tsofaffi sun fi son sa, amma hayarsa ta fi tsada, kuma a tasha ana cajinsa fiye da ɗan'uwansa saboda faɗinsa.

Lokacin wannan hutu shi ne bazarar Turawa, daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa. A can kuwa watannin rani ne, sama garau, ruwan teku da ɗumi har ya kai awo 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Yuli da Agusta su ne ganiyar kasuwa, makarantun Turai na hutu, farashi a sama, kowace tasha a cike. Wanda ba jadawalin makaranta ya ɗaure shi ba, Yuni ko farkon Satumba sun fi masa: zafi da sauƙi, kuɗi da rangwame, wurin kwana kuma ba sai an yi tsere ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harka ranar fafewa takan zo tun cikin hunturu, domin jiragen da suka fi kyau ana kama su wata shida ko fiye kafin lokaci, a biya kafin alƙalami, a cika sauran makonni kaɗan kafin tafiya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana da ƙarin dalilin yin sammako. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, ta kuma koma amfani da Yuro, don haka bizar Shengen ake nema, tare da inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Ana karɓar takardun neman bizar tun saura wata shida tafiya.

Bayan lokacin tafiya, tambaya ta biyu ita ce wa zai tuƙa. Kamfani ba ya miƙa jirgi sai ga mai lasisin tuƙi da hukumomin ƙasar suka amince da shi, kuma dole a samu wani a cikin jirgin mai takardar shaidar amfani da rediyon oba-oba na teku. Wanda ba shi da waɗannan sai ya ɗauki kyaftin na haya. Ana biyansa kullum-kullum, abincinsa na kan masu haya, kuma yana buƙatar wurin kwanansa, abin da mutane kan manta har sai sun ga mutum shida sun kama ɗaki uku, na bakwai yana tsaye da jakarsa. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ko da yana da lasisin, kuɗin kyaftin ɗan gari ba asara ba ne. Ya san lungun da anka ba ta kamawa, ya san mai gidan abincin da za a buga wa waya ya ajiye wuri, yana kuma karanta sararin sama kafin waya ta ce komai. Bayan kuɗin haya akwai na share jirgi a ƙarshe, da harajin baƙi, da man dizal, da kuɗin kwana a tasha, da kuma kuɗin jingina da kamfani ke riƙewa a katin banki, wanda yakan kai Yuro 2,000 ko fiye, a mayar idan jirgi ya dawo lafiya.

Kusan duk kamfanonin suna ba da haya daga Asabar zuwa Asabar. Sai dai makon gajere ne. Ana karɓar jirgi da yammacin Asabar, wajen ƙarfe 5, bayan an wanke shi daga hannun waɗanda suka sauka da safe, kuma ana so ya dawo tasharsa da yammacin Juma'a. Ranakun tafiya ke nan shida, daga Lahadi zuwa Juma'a. Jirgi mai filafilai yakan yi mil 5 zuwa 6 na teku a awa, kowane mil kuwa mita 1,852 ne, wato gudun mai keke da ba ya gaggawa. Tafiyar awa uku zuwa huɗu a rana ta isa, sauran lokacin na iyo ne da cin abinci da yawon gari. In aka lissafa, mil 15 zuwa 24 ne a rana, kimanin 100 a mako. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su shimfiɗa taswira a gida su ga Dubrovnik tana kusa da Split, su ce za su je su dawo. Zuwa kaɗai ya haura mil 100. Mai son ganin biranen biyu ko dai ya ɗauki mako biyu, ko ya biya ƙarin kuɗi ya bar jirgin a can.

Abin da ke yanke hukunci a kan kowace rana shi ne iska, kuma mutanen gaɓar sun raɗa wa kowace suna. Wadda ake so ita ce maestral, iskar kyakkyawan yanayi. Idan rana ta gasa duwatsun tudu, iska mai zafi ta tashi sama, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta arewa maso yamma. Takan fara da hantsi, ta yi ƙarfi tsakanin azahar da la'asar, ta kwanta da faɗuwar rana. Tana da ka'ida kamar ma'aikaciyar gwamnati, kuma a kanta ake gina jadawali. Jirgin da ya tashi daga Split ya nufi kudu maso gabas, tana bayansa tana tura shi cikin daɗi. Ranar dawowa kuwa tana gabansa, ga igiyar ruwa tana dukan goshin jirgi. Shi ya sa masu dabara ke yin zangon dawowa da sassafe, kafin ta farka, ko da kuwa da inji ne.

Bura dabam take. Iska ce busasshiya mai sanyi da ke gangarowa daga duwatsun gaɓa ta arewa maso gabas, ba ta busawa a jere, sai dai ta yi shiru ta doko, ta yi shiru ta doko. Da hunturu, a gindin dutsen Velebit, bugunta kan wuce kilomita 200 a awa, har a rufe gadoji da hanyoyin mota. Ta bazara ba ta kai haka, kuma ba ta cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba, amma ta isa ta tsinke anka cikin dare. Alamarta farin gajimare ne da ke kwanciya a kan tsaunuka kamar rawani. Jugo, da ake furtawa "yugo", daga kudu maso gabas take zuwa da laima da gajimare, tana ƙaruwa sannu a hankali cikin kwana biyu ko uku, tana tara manyan igiyoyi. Ba ta cika zuwa a tsakiyar bazara ba, kuma tana ba da sanarwa tun da wuri.

Wadda ta fi ba matuƙa tsoro a Yuli da Agusta ita ce nevera. Wanda ya san hadarin farkon damina zai gane ta: zafi mai ɗaure numfashi, iska ta ɗauke cak, sai baƙin hadari ya haɗo, kafin a ankara guguwa ta iso da tsawa da ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara. Bambancin shi ne hadarin ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, wannan kuwa yamma ake duba masa. Sau da yawa ba ta kai awa guda, amma a cikin wannan ɗan lokaci iska kan juya alƙibla gaba ɗaya, lungun da yake mafaka da la'asar ya koma tarko. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, DHMZ, tana fitar da rahoto na musamman don masu tafiya a teku, ana kuma karanta shi a rediyon oba-oba da Kuroshiyanci da Turanci. Matuƙin kirki yakan duba shi da safe kafin ya kwance igiya, ya sake dubawa da yamma kafin ya zaɓi wurin kwana.

Zagayen da aka fi yi yana farawa ne daga Split ko Trogir, dukkansu kusa da filin jirgin sama. Safiyar Asabar, kafin a karɓi jirgi, ta isa a shiga tsohon birnin Split, wanda ya girma a cikin ganuwar fadar da Sarkin Rum Diocletian ya gina wa kansa wajen shekara ta 300, har yau mutane na zaune a ciki suna shanya wanki a tagogi. Ranar Lahadi sai a yi ɗan gajeren zango na kimanin mil 10 zuwa Milna a tsibirin Brač, ko wani lungu a Šolta, don jiki ya saba da rawar jirgi. Tsakanin tsibiran biyu akwai mashigi da bai fi mita 800 ba, wanda manyan jiragen fito ke bi, ƙaramin jirgi ne kuma ke kaucewa. Daga nan sai Hvar, tsibirin da ke tinƙaho da hasken rana na awa 2,700 a shekara. Garin Hvar kyakkyawa ne, amma tasharsa ba ta da daɗin kwana: ruwan ba ya natsuwa saboda kai-komon jirage, kiɗan gidajen rawa kuma sai asuba. Yawancin matuƙa sukan kwana a ƙananan tsibiran Pakleni da ke fuskantarsa, su shiga gari da kwale-kwalen haya. Mai son natsuwa ya zagaya ta arewa zuwa Stari Grad, garin da Girkawa suka kafa a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa. Gonakin da ke bayansa har yanzu suna kan iyakokin duwatsun da aka shata tun wancan zamani, abin da ya sa UNESCO ta sanya filin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Vis ya fi sauran nisa daga tudu, kuma shi ne ya fi cancantar kwana biyu. Sansanin sojan Yugoslabiya ne a da, an hana baƙi shigarsa har 1989, saboda haka manyan otal-otal ba su cinye shi ba. A wani lungu kusa da garin Vis akwai ramin da sojoji suka fafe a jikin dutse don ɓoye jiragen yaƙi, yanzu masu yawon buɗe ido ke shiga da kwale-kwale. A yammacin tsibirin akwai Komiža, garin masunta, kuma mil 5 daga nan tsibirin Biševo yake, mai kogon da hasken rana ke shiga ta ƙarƙashin ruwa kafin azahar ya mayar da cikinsa shuɗi. Da ƙananan kwale-kwalen wurin kaɗai ake shiga, ana biya, ana bin layi, kuma idan jugo ta tada ruwa rufe shi ake yi. Wannan kogo misali ne na abin da bai kamata a ɗaura tafiya a kansa ba. Tsari mai kyau yakan bar rana guda babu komai a cikinta, kuma kowane dare yana da wurin kwana biyu a rubuce, ɗaya don iskar arewa, ɗaya don ta kudu.

Wurin kwana iri huɗu ne. Mafi tsada da kwanciyar hankali ita ce marina, tashar da aka gina don irin waɗannan jirage, mai wutar lantarki da famfo da wurin wanka. Kamfanin ACI, wanda aka kafa a 1983, yana da guda 22 a faɗin gaɓar. Sai bakin dakalin gari, inda jirgi ke kwana a gaban shaguna da masu yawon yamma. Sai lungunan da aka dasa wa goruna masu yawo a kan ruwa, irin gorar masunta amma ta roba, kowace an ɗaure ta da siminti a ƙasan teku, a kama a biya. Wasu na masu gidan abinci ne, ba sa karɓar kuɗin kwana muddin a wurinsu za a ci na dare. Na ƙarshe shi ne jefa anka a lungun da babu kowa. A Agusta dakalin gari kan cika tun kafin la'asar, wanda ya tsaya iyo har yamma sai ya yi ta zagaye yana leƙe. Wannan ne ke sa maestral da wurin kwana su riƙa jan matuƙi gefe biyu, domin lokacin da iska ta fi daɗin tafiya shi ne lokacin da wurare ke ƙarewa.

Shiga tasha shi ne abin da ya fi tada hankalin sabon matuƙi, ga kuma 'yan kallo a zaune da kofin gahawa. A Bahar Rum da baya ake shiga, jirgi ya kutsa tsakanin wasu biyu da tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba kowane gefe. Tun daga nesa an rataya matasan roba a gefuna. Matuƙi ya juya yana kallon baya, yana tafiya a hankali amma ba ya tsayawa, domin jirgin da ya tsaya iska ce ke tuƙa shi. Mutum biyu na riƙe da igiyoyin baya, su jefa wa ma'aikacin tasha, a fara da ta ɓangaren da iska ke fitowa. Shi kuma ya ɗago wata siririyar igiya daga cikin ruwa. Wani ya kamo ta da sanda mai ƙugiya, ya bi gefen jirgi da ita har goshi, yana ja har babbar igiyar da ke ɗaure a ƙasan teku ta fito, ya ɗaure tamau. Igiyar nan kullum cikin laka take, da santsi da ƙananan kwansoshi masu yanka kamar reza, don haka safar hannu ta fi kwalliya amfani. Babban haɗarin shi ne ta naɗe a farfelar inji. Duka aikin bai fi minti uku ba idan kowa ya san nasa tun kafin a iso, kuma kusan duk ihun da ake ji a tashoshi da yamma na jiragen da ba a raba aiki ba ne.

Anka kuma tana da nata ladabi. Ana neman wurin da ƙasan ruwa ya yi haske, alamar yashi. Baƙin wuri ciyawar teku ce da ake kira posidoniya, wadda doka ta kare, ba ta girma sai 'yan santimita a shekara, anka kuma ba ta kama a cikinta. Ana sakin sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin ruwan, a ja da baya da inji a tabbatar ta kafe. A lungu mai ƙunci wani yakan yi iyo da igiya ya ɗaure bayan jirgi a jikin dutse don kada ya riƙa juyawa.

Ruwan sha abin tattali ne. Tsibiran na farar ƙasa ne mai tsotse ruwan sama, har Brač da Hvar da Šolta ta bututun ƙarƙashin teku ake kawo musu ruwa daga kogin Cetina. Tankin jirgi lita 300 zuwa 500 yake ɗauka, mutum shida masu wanka kamar a gida za su ƙarar da shi cikin kwana biyu. Kayan abinci masu nauyi a Split ko Trogir ake saye, domin shagunan tsibiri ƙanana ne kuma da tsada. Musulmi zai kula da cewa busasshen naman alade da ake kira pršut shi ne abin da aka fi tarbar baƙo da shi, kuma ana zuba giya a wasu miyar kifi, sai a tambaya. Gasasshen kifi da man zaitun da ganye kuwa ko'ina akwai. Peka, wato dabbar teku mai ƙafa takwas ko nama da dankali da ake rufewa da murfin ƙarfe a binne a garwashi, sai an yi odarta awanni kafin a zo. Ruwan teku yana halatta alwala a fiƙihu, abin da ke sauƙaƙa wa tanki. Alƙibla daga Split tana kudu maso gabas ne, wajen digiri 131 a kamfas, kuma jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka kamfas ɗin jirgi ake dubawa a kowace salla. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 da rabi, dare gajere ne ƙwarai tsakanin lisha da asuba.

Kaya kaɗan ake ɗauka, a jaka mai naɗewa, domin akwati ba shi da wurin zama a jirgi. Hula mai igiya, man kare fata daga rana, takalmi mai farin tafi da ba ya zamewa, rigar sanyi guda saboda bura, da maganin jiri da tashin zuciya, wanda ake sha kafin a tashi. Ranar karɓar jirgi ma'aikacin kamfani zai bi da matuƙi kan kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma gajiyar hanya kan sa mutum ya sa hannu da sauri. Nan ne wurin ɓata awa guda: a ɗauki hoton kowane ƙarce a jikin jirgi, a gwada injin ɗaga anka, a buɗe filafilai a duba yagewa, a tada injin ƙaramin kwale-kwale, a ƙirga rigunan ceto a tabbatar akwai daidai yara. Kowa a jirgin, har wanda ya zo hutawa kawai, ya kamata ya san inda makunnin gas yake, da yadda ake kashe inji, da cewa tasha ta 16 a rediyo ita ce ta neman agaji, lambar ceto a teku kuma 195 ce a waya. Bayan gidan jirgi bututunsa siriri ne, ba a jefa masa ko takarda, in ya toshe daga kuɗin jingina ake cire na gyara.

Daren Alhamis ana kwana ne a wurin da bai fi awa biyu ko uku daga tashar gida ba, yawanci Šolta ko Brač. Ranar Juma'a ɗaruruwan jirage ne ke komawa lokaci guda, kuma kowanne sai ya cika tankin dizal kafin ya miƙa, saboda haka layin gidan mai na kan ruwa yakan yi tsawo da la'asar, jirage na shawagi suna jiran juna cikin iska. Masu wayo sukan sha mai tun da safe a Milna ko Rogač. Bayan an ɗaure, mai nutso zai shiga ƙarƙashin jirgi ya duba ko ya taɓa dutse, ma'aikaci ya sake ƙirga kaya, sannan a saki kuɗin jingina. Ana kwana na ƙarshe a cikin jirgin a tasha, a fita da ƙarfe 9 na safiyar Asabar, lokacin da masu shara ke tsaye a kan dakali da bokitai da sababbin zannuwan gado.